Wanda Ya Kashe Fiston Baba Ari

Ku da kuka san Baba Ari makanike, kun san igiyar nan da ya ɗaure tsakanin itatuwan dogon yaro biyu a bakin garejinsa a Gure. Mutane tufafi suke shanyawa a igiya, shi kuwa matattun fisto. Duk injin da ya buɗe, sai ya ciro fiston da ya lalace, wannan dunƙulen ƙarfe mai hawa da sauka a cikin inji, ya wanke shi da kananzir, ya shinshina, ya shafa da babban yatsa, wani lokaci har ya ɗan lasa. Ba ya rataye shi sai ya san abin da ya kashe shi. Kafin ya sani kuwa, ko wa ka ɗauko ya roƙe shi, ba zai sa maka sabo ba.

"Ƙarfe ba ya mutuwar Allah da Annabi," in ji shi. "Kashe shi ake."

Goni Mustafa, abokinsa tun suna yara, wanda rumfar karatunsa ke jikin garejin, ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Ari, mu dai in an mutu binnewa muka sani. Kai kuma sai tone-tone?"

"Goni, kai yi wa naka addu'a. Nawa sai sun amsa tambaya."

Ni aikin asibiti ya kawo ni Gure daga wajen Dosso, shi ya sa Baba Ari ke kirana Lokotoro, wato likita. Ga ni Bafillace, ga shi Babarbare, kun san abin da ke tsakani. Ranar da na fara zuwa garejin ya bi da ni igiyar kamar mai nuna garke. Ya taɓa wani fisto mai dogayen tsage daga sama har ƙasa, ya ce rairayi ne ya shiga ya yi masa haka.

Na ce, "Ashe fisto ma akwai Babarbare. Ga zane ya sha!"

Bai ko yi murmushi ba. Ya jawo wani da gefensa ya narke. "Wannan kuma Bafillace ya tuƙa shi, Lokotoro. Ya hana shi ruwa ya ba saniya."

Tun ranar muka ƙulle. Kuma in faɗi gaskiya, shi ya sa mini cutar son sanin abin da ke cikin inji.

To, asibitinmu na da wani babur mai ƙafa huɗu, wanda muke shiga tudun rairayi da shi mu kai allurar rigakafi rugagen Alakoss. Da ya tsufa ya fara hayaƙi, Baba Ari ya sauke injin gaba ɗaya ya sabunta shi. Ina zaune yana haɗawa. Na tuna ya juya sabon fiston a hannu yana tsaki.

"Masu ƙera kaya na yanzu rowa gare su. Da, kowane fisto da ƴar kibiya a kansa mai nuna inda zai fuskanta. Yanzu ko ita sun daina."

Ni me na sani? Na ce Allah ya kyauta. Ya sa, ya ɗaure, ya tayar. Injin ya ɗauka, da wata ƴar ƙara ƙyas-ƙyas a ciki.

"Sabon ango ne," in ji shi. "Zai saba."

Bai saba ba. Fitata ta farko, a hanyar dawowa kafin ƙauyen Gamu, ƙarar ta zama ƙwal-ƙwal, babur ya yi tari ya tsaya cik. A amalanken shanu muka shigo gari, ni da babur, da rana tsaka, ranar kasuwa. Ba wanda bai gani ba. Kafin la'asar magana ta zaga tasha: Baba Ari ya tsufa, hannunsa ya mutu, gara a koma sabon garejin samarin nan na bakin hanya.

Ya buɗe injin. Kan fiston ya tsage, ga kuma rauni biyu kamar an danna farce a cikin tuwo. Ya shafa ya shafa, ya ce sufaf ne suka sare shi, wato ƙofofin nan da ke buɗe wa mai ya shiga, hayaƙi ya fita. Amma me ya haɗa su faɗa? Ya duba sarƙar da ke tsara buɗewarsu, tana daidai. Nan ya miƙe a gaban ƴan fada, masu zaman hira a garejin, ya yi rantsuwar da ta tsorata mu.

"Wallahi in ban gano wanda ya kashe fiston nan ba, na rataye makullan aikina a igiyar nan, na bar sana'ar!"

Goni ya ce, "Ari, janye!"

"Ya fita."

Kun san shi. In ya ce ya fita, ya fita. Garejin nan kuwa shi ne cinsa, shi ne hirarsa, shi ne komai nasa.

Ni ya fara tuhuma. Ya ari babur ɗin wani, ya ce in tuƙa, ya hau bayana don ya ji yadda nake murza wuta. Muka zaga gari, tsoho na riƙe da ƙuguna, kunnensa a kafaɗata. Yara na bin mu da ihu. Da muka tsaya ya sauko ransa a ɓace.

"Ba kai ba ne. Tuƙinka na mai ɗauke da ƙwaryar nono ne. Ko ƙwai ba za ka fasa ba."

Sai ya koma kan Sale mai sayar da esansi, wato man fetur, a kwalba. Ya sa shi ya zuba kaɗan a gwangwanin kifi, ya shinshina, ya ɗiga a harshe, ya tofar, sannan ya ƙyasta ashana ya tsuguna yana kallon launin wutar. Sale na tsaye yana rantse-rantse.

"Baba, na rantse ban haɗa da komai ba!"

"Yi shiru, ba kai nake tambaya ba." Da wutar ta cinye ya miƙe. "Sale, esansinka ya fi halinka kyau. Je ka."

Rannan cikin hira na ambata cewa wata tsohuwa a ruga ta ba ni salkar ruwa na ɗaure a babur. Kai! Sai ga Baba Ari ya zabura kamar an ce ga ɓarawo.

"Yawwa! A gaba ka rataye ta don iska ta sanyaya ruwan, ka toshe wa inji numfashi! Fulani!"

"A baya na ɗaure ta, Baba."

"Tuna dai."

"A baya. Har ta jiƙa mini wando."

Ya zauna a hankali. "Kai ko laifi ba ka iya yi ba."

Daga nan dariya ta fara ƙarewa. Fiston ya koma zama a aljihunsa, har aljihun ya yage. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake cin tuwo. Motoci na wucewa zuwa garejin samari yana ji. Na ji tausayinsa ƙwarai, kuma ni ma abin ya hana ni sakat, don ina son in san amsar kamar yadda yake so. Na kuma lura da wani abu daban: in zai zuba shayi, rabi a kofi, rabi a tire. Na ce ya zo asibiti mu duba idonsa.

"Idona? Ni da nake hango raƙumi tun daga Gidigir?"

Wata safiya na iske shi ya jera makullansa a tabarma, ya ɗaure su da tsumma. Ya ce bincike ya ƙare, bai samu kowa ba, yau zai cika rantsuwa. Goni ya taso daga rumfarsa, tabarau a karan hanci, yana ta faɗa. Da ya ga faɗan ba ya shiga, sai ya zare tabaran ya maƙala wa Baba Ari a fuska.

"To ga shi, yi wa gawarka kallon ban kwana da idon malamai!"

Baba Ari ya ɗaga hannu zai cire. Sai hannun ya tsaya. Ya ciro fiston daga aljihu, ya kawo shi kusa, ya goge kansa da bakin riga. Ya daɗe yana kallo.

"Lokotoro, zo. Mene ne wannan?"

Na duba. Wata ƴar alama ce siririya, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.

"Kibiya ce, Baba."

"Ashe ba su daina ba."

Ya nuna mana da farce. Kibiyar wajen fitar hayaƙi ya kamata ta fuskanta. A kan fiston akwai ƴan ramuka da aka yi don sufaf su samu wurin sauka, manya a gefen shigar mai, ƙanana a gefen hayaƙi. Ga saran manyan sufaf nan a kan ƙananan ramuka, daidai gefen kibiyar. An sa fiston a juye. Gabansa ya koma baya.

Ni dai na rasa inda zan sa idona. Sai Baba Ari ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba, har da buga cinya.

"Na kama shi! Goni, na kama shi! Ina ta bin Fulani da masu esansi, ashe ɓarawon a gidana yake kwana!"

Na ce, "Baba, mu uku ne nan. Ba sai kowa ya ji ba."

Ya dube ni ta saman tabaran Goni. "Na tuhumi Sale a gaban jama'a. A ɓoye zan wanke shi?"

Haka ya tafi tasha da ƙafarsa, fisto a hannu, ya tsaya a tsakiyar direbobi ya ce, "Jama'a, na gano wanda ya kashe shi. Ni ne. Idona ya tafi ban yi masa rakiya ba." Ya ba Sale hannu. Ya dawo ya kwance makullansa, tunda rantsuwa ta ce a gano mai laifi, an kuwa gano. Direbobi suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya, don sun ce wanda ya kama kansa ba zai rufa wa inji asiri ba. Babur ɗinmu kuwa ya sake haɗa shi, har yau yana hawa tudu.

Tabarau dai bai yarda ya karɓi sabo ba. Na Goni ya riƙe, ya ɗaure shi da robar tayar keke, ya ce idon malamai ya fi albarka. Goni ne ya zo asibiti muka yi masa wani.

Bara da damina Baba Ari ya yi sallar azahar, ya jingina da dogon yaro a ƙarƙashin igiyarsa, bai tashi ba. Ba ciwo, ba jinya. Da muka dawo daga maƙabarta, Goni ya ɗauki tabaran nan mai roba ya rataye a igiyar, kusa da fiston da aka sa a juye. Ya ce, "To Ari, yau ba bincike. Taka ta Allah da Annabi ce."

Allah Ya jiƙan Baba Ari. Yadda bai ɓoye laifinsa don ya wanke wani ba, Allah Ya rufa masa nasa asirin. Ya haskaka kabarinsa, Ya nuna masa abin da ido bai taɓa gani ba. Amin.