Malama Sonubi da Shaidun Husufi

Malama Yewande Sonubi ta koyar da tarihi a sakandaren garinmu, a ƙasar Ijebu, har kanta ya yi furfura. Gajeriya ce mai saurin tafiya, kullum da laima ko babu hadari. Da laimar take nuna allo, da ita take nuna wanda zai amsa tambaya. Duk shekara takan shirya 'yan ajin ƙarshe su shiga gasar binciken tarihi ta makarantu. Ana fara karawa a Ijebu-Ode, makarantar da ta zo ta ɗaya ita ke wucewa Abeokuta. Malama ba ta taɓa wucewa ba. Ta zo ta biyu, ta zo ta uku, shekarar da yajin aiki ya hana gasar kuwa har yau tana cewa tata ce aka cinye mata. Shekarar da nake magana ita ce ta ƙarshe kafin ta yi ritaya, kuma kowa ya san tana son ganin Abeokuta.

'Yata Tomilola ɗalibarta ce kafin ta rasu. Ni nake kai 'yan gasar wurin tsofaffi a motata ran Asabar, su yi musu tambayoyi. Bayan rasuwar Tomilola, Malama ba ta tambaye ni ko zan ci gaba ba, Asabar na zagayowa sai na ji ta a ƙofar gida tana cewa, "Baban Tomilola, rana tana yi." Mutanen gari sun daina kirana da sunan nan saboda tausayi. Ita ba ta daina ba, ni kuma na ci gaba da ɗaukar makulli.

Kafin ta bar yaro ya yi wa tsoho tambaya, sai ya iya gaisuwa: namiji ya kwanta rub da ciki, mace ta durƙusa gwiwa biyu. Abin da aka ba ka ka ci, ko teba ce ta kwana. Ba a gyara wa tsoho zance. Kuma duk maganar da ba ta da shaidu biyu, Malama takan ce hira ce.

A shekarar ta zaɓi husufin rana na 1947, domin duk tsohon da ya gani bai manta ba, kuma an san ranarsa. Tambaya ɗaya ce: ina kake ranar da duhu ya sauka? Wata tsohuwa ta ce kajinsu suka shige akurki, uwarta ta bi su da tsintsiya tana korowa waje. Wani ya ce kawunsa ya ɗauka duniya ce ta tashi, ya fito tsakar kasuwa ya amsa laifin satar akuya, rana na dawowa ya ce mafarki yake.

Akwai tsofaffi biyu da ke wasan ayo, darar Yarabawa, a gindin mangwaron bakin tasha, Baba Oduwole dogo da Baba Okusaga gajere. Tun ina yaro Okusaga bai taɓa kiran sunan Oduwole ba, sai Egbon, wato yaya. Shi ke ɗauko benci, shi ke karɓar goro na biyu, a taron sa'anninsu ma sai Oduwole ya gama magana yake buɗe baki. Yara suka tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Oduwole ya ce yana goye a bayan uwarsa tana gudu daga rafi, ta rufe masa kai da zane. Okusaga ya ce an aike shi gona shi kaɗai ya kai wa ubansa abinci, duhu na sauka ya yar da kwanon ya zura gida, aka zane shi saboda kwanon.

Muna hanyar komawa Ibidun, shugabar ɗaliban, yarinya mai kaifin kai, ta leƙo daga kujerar baya.

"Ma, wanda aka goya da wanda aka aika gona, wane ne babba?"

Ni dai na zuba wa titi ido.

Daga nan aikin ya sauya. Yaran suka mayar da shi kan yadda za a yi amfani da husufin a gano shekarun mutane a garin da ba a rubuta haihuwa, kuma tsofaffin nan biyu su ne babban misalinsu. Malama ta san abin da ta riƙe zai iya kai ta Abeokuta. Makon nan har waƙar coci take yi a mota. Abin da kawai na ce mata shi ne a bainar jama'a ake gabatarwa, kuma 'ya'yan Oduwole a Ijebu-Ode suke zaune. Ta ce tarihi ba aikin lallashi ba ne. Sai da muka wuce gidan mai sannan ta ƙara da cewa duk da haka alƙalai ba za su ji magana ba sai mai ita ya fara ji.

Muka je gindin mangwaro. Ibidun ta durƙusa ta karanta musu abin da kowannensu ya faɗa, ba ta ƙara komai ba, don ba ya bukatar ƙari. Oduwole ya daɗe yana juya 'ya'yan ayo a tafin hannunsa.

"Ƙaya ce," in ji shi. "Ƙaya ta soke ni a rafi, shi ya sa aka goya ni. Ƙaton yaro ne ni a lokacin, ƙafafuna har ƙasa suke ja."

Ibidun ta buɗe baki, laima ta taɓa mata kafaɗa, ta rufe. Malama ta juya ga Okusaga ta tambaye shi ko ya san zancen.

"Ƙwarai kuwa. Ni na riƙe ƙafar aka cire. Ta hagu."

"Ta dama," in ji Oduwole.

"Ta dama, Yaya, ta dama. Ai ni ina fuskantarka ne."

A mota Ibidun kamar ta yi kuka don haushi. Ta ce dukansu biyu ƙarya suke yi. Malama ta ce ta sani. Ibidun ta ce to a gabatar da maganarsu ta farko da ta biyu, a nuna yadda shaida ke sauya baki in girma ya shiga ciki, alƙalai za su fi son haka ma. Malama ta ce tabbas za su so, da ita ce alƙali nan take za ta ba da kofin. Ta kalli waje, sannan ta ce a cire babin gaba ɗaya. Aka cike gurbin da kaji da ɓarawon akuya.

Mun zo na biyu. Malama ta kai yaran gidan abinci ta saya musu ikokore, faten doyan da take so, ta ce alƙalin tsakiya barci yake tun daga gaisuwa. Ibidun ta ci nata fuska a murtuke.

Bayan ta yi ritaya, wata Asabar na ɗauko ta daga kasuwa, ta ce in tsaya a tasha. Okusaga na zaune shi kaɗai, abokinsa bai fito ba tukuna. Ta gaishe shi, ta ce gasa ta wuce, babu yara, tana so ta sani don kanta. Tsohon ya ɗaga hannun dama ya ɗora bisa kai yana neman kunnen hagu. Ya ce a zamaninsu haka ake ɗaukar yaro makaranta, sai hannu ya taɓa kunne. Oduwole hannu gare shi kamar igiyar guga, aka ɗauke shi tun yana ƙarami. Shi kuwa aka yi ta maido shi gida. Ko da ya shiga, Oduwole ya yi gaba a aji, yana aikensa ɗebo ruwa. Daga nan kiran Yaya ya samo asali.

Malama ta tambaye shi me ya hana shi karɓar girmansa da aka kawo masa har gindin bishiya.

"Haba Malama. Babba shi ake tasa da sassafe rabon faɗa, ni kuwa ina barcina. Kuma in aka ce masa ƙane ne a shekarun nan, ba zai sake fitowa nan ba. Da wa zan yi ayo?"

Muna haka sai ga Oduwole tafe da sandarsa. Okusaga ya miƙe ya kaɗe masa benci da hula. Malama ta rusuna.

"Baba, ya ƙafa?"

"Da sauƙi, 'yata," in ji shi yana zama. "Sai dai in damina ta zo takan ɗan motsa."