Kyandir Ɗin Hamsatu da Man Shanun Goggo

Duk Gwallameji ba wanda bai san Hamsatu mai kyandir ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, saboda haka ni hancina ya riga idona saninta.

A ruga aka haife ta, aure ya kawo ta birni gidan Malam Sabitu, ma'aikacin gwamnati. Sana'ar kuwa wurin Liatu ta koya, wata maƙwabciyarmu da ke yi wa cocinsu kyandir. Liatu ta koya mata narka kaki, ita kuma ta ƙara da ƙamshi.

Ban taɓa ganin mai tsirfa irinta ba. In masu zuma suka kawo kaki, sai ta gutsura ta tauna, wai haƙori ne ke gane wanda aka yi wa algus. Lagwani da zaren auduga take kitsa shi, igiya uku. In ya yi kauri hayaƙi, in ya sirance ya nutse ya mutu. Turare kuma sai mai maiƙo, sandal da ɗan kajiji, don mai ruwa ba ya shiri da kaki. Tana sa man kwakwa kaɗan don kada kyandir ya tsage.

Shekara biyu tana sayar wa ɗaliban Yelwa ɗai-ɗai, sai Hajiya Sauda ta unguwar Jiyare ta aiko tana son guda arba'in na jeren 'yarta. In suka yi kyau, Hamsatu ta shiga gidajen manya ke nan. In suka ɓaci, ko ƙofar ba za ta sake gani ba.

Ana saura kwana biyu man kwakwa ya ƙare, ga goggonta Habibatu ta zo daga ruga da ƙwaryar man shanu.

"Ke 'yar nan, mai ai mai ne," in ji Goggo. "Wane ciwo ne man shanu bai warkar ba?"

Hamsatu mai tauna kaki, ranar ba ta yi musu ba. Wa zai ja da Goggo a kan man shanu? Ta zuba, arba'in ɗin suka fito sumul, ko tsaga babu. Ta kunna ɗaya don gwaji. Malam Sabitu na sauka daga keke ya yi sallama da fara'a.

"Yau dambu aka yi mana?"

Na ji salatinta ta katanga. Na yi dariya har da hawaye, amma wallahi ta ba ni tausayi. Liatu ta zo ta shinshina, ta ce, "Wannan ba gyara, sai dai a kawo cokali."

Washegari Hamsatu ta ce in raka ta gidan Hajiya. Ta ƙi ɓoyewa, ta kunna ɗaya a falon Hajiya, kanta a ƙasa.

"Hajiya, na yi ɓarna. Man shanu na sa."

Hajiya Sauda ta matso da kyandir ɗin kusa da fuskarta. Ta daɗe a haka.

"Wannan man ba na kasuwa ba ne. Daga ina?"

"Goggona ce ta kaɗa shi."

"Haka ɗakin innata yake ƙamshi in ta dawo tallan nono," in ji Hajiya, tana goge ido da bakin mayafi. "Shekara talatin rabona da shi."

Sai kuma ta tuntsire da dariya.

"Amarya dai ba za a kai mata ba, kada ango ya yi ta jiran abinci. Na ɗaga miki zuwa Asabar, ki yi mata na kwakwar. Waɗannan kuwa, 'yata, ba inda za su. A kai min su ɗakina."