Ƙofar da Na Bari a Buɗe

Ƙarar injin markaɗen maƙwabtanmu ce ta fara tarbata da na shigo gida ranar, na dawo daga jami'a a Kongo da littattafai a hannu da yunwa a ciki. Inna na tsakar gida tana tsince shinkafa. Na gaishe ta, na leƙa ɗaki, ban ga Auta ba, ƙanwata mai shekara goma sha ɗaya.

"Ta tafi wajen Malama," in ji Inna, tana murmushin da take yi idan tana ɓoye wani abin daɗi.

Sai da na cire takalmi ɗaya na tuna ranar Alhamis ce. Ba a Islamiyya ranar Alhamis.

"Wace Malama, Inna?"

"Ke dai da boko, komai sai kin sa masa tambaya. Yarinya ta ci gasar hadda, za a ba ta kyauta. An ce kada a yayata saboda bakin mutane, shi ya sa ko ke ban gaya wa ba."

Wayar Inna na kan taga. Ni na shirya wayar nan da hannuna wata uku kafin nan, kuma ina alfahari da aikin. Na toshe shafukan bidiyo, na hana sauke kowace manhaja sai da lambar sirrin da ni kaɗai na sani, na sa allon ya riƙa mutuwa bayan awa ɗaya. A raina na gina wa Auta gida mai doguwar katanga. Abu ɗaya na bari a buɗe: zauren hirar Islamiyyarsu na waya, inda yara ke tura karatunsu da murya Malama ta gyara. Wa zai tsaya yana zargin ƙofar makaranta?

Na buɗe. A ƙarƙashin zauren akwai wata hira daban, da wata lamba mai hoton Alƙur'ani a buɗe. Auta ta ajiye ta da sunan Mataimakiyar Malama. Na yi ta ja sama da yatsa, hirar ba ta ƙare ba. Sati shida. Auta na tura karatu, ana yabonta da rubutu, ko sau ɗaya ba a amsa da murya ba. Daga yabo aka koma tambayar wace unguwa, wane layi, yaushe Yaya take dawowa. Sai na ga hoton Auta cikin hijabinta ruwan toka, tsaye a gindin gwaibarmu.

"Wa ya ɗauki wannan?"

"Ni mana. Na takardar shaida ne."

Saƙon ƙarshe ya ce ta zo ƙarƙashin gadar Kwangila bayan la'asar, ita kaɗai, kada sauran yara su ji zafi.

Na kira Malama ta gaskiya. Ta ɗauka tana dariya, tana tambayar jiki da karatu. Da na gama magana dariyar ta ɗauke, ina jin kukan jaririnta daga nesa.

"Ba ni da mataimakiya," ta ce. "Ba mu yi gasa ba. Yaushe ta fita?"

Na dubi Inna. Farantin ya karkace a cinyarta, shinkafa na zuba ƙasa, ba ta lura ba. Ta ce an ɗan jima da sallame la'asar, ita ta ba ta kuɗin keke.

Ban tuna yadda na sa ɗayan takalmin ba. Na tari acaba a bakin layi, ni da ban taɓa yarda na hau ba saboda tsoro. Mai babur ya ce, "Hajiya, riƙe da kyau," na ce ya yi sauri kawai. Duk hanyar ina karanta abin da ya zo bakina, ina fara aya ina manta ƙarshenta. Wata babbar mota ta tsare mu kusan minti biyar, ina kallon tayoyinta, ina tunanin duk motar da ta wuce mu tana iya ɗauke da ita.

Kwangila da yamma ba wurin neman yaro ba ne. 'Yan kamasho na kiran Kano da Funtuwa, motoci na cika suna tashi, hayaƙin masara na shiga ido. Hijabi ruwan toka kuwa kamar a ranar aka raba shi. Sau biyu na kamo kafaɗar yarinyar da ba tawa ba. Ta biyun uwarta ta harare ni ta ce, "Lafiya, baiwar Allah?" Na wuce gaba.

A bayan wani ginshiƙin gadar na hango ta, zaune a kan benci kusa da wata dattijuwa mai gasa masara, ta haɗe gwiwoyi, jakar Alƙur'aninta a ƙirji.

"Yaya," ta ce, "Malama ba ta zo ba har yanzu."

Na durƙusa na riƙe hannuwanta. Sun yi sanyi.

"Ke ce 'yar'uwarta?" in ji mai masarar, tana fifita wuta. "To ki gode Allah. Wani ya zo nan da hotonta a waya, tsaf da shi, har da hula. Wai Malama na mota tana jira. Yarinyar nan ta ce sai dai Malama ta fito ta gaishe ta, don Innarta ta ce mota ba a shiga sai da wanda aka san gidansu. Ya yi lallashi, ya fara ɗaga murya. Na ce Malam, ko Malamar gurguwa ce? Ya ce ina ruwana. Na ce ruwana ya zo, tunda a gaban kaskona ake yi. Na jawo ta nan, shi kuma ya bi cikin motoci."

Na yi ta yi mata godiya. Ta saka wa Auta masara a hannu, ta ƙi karɓar komai.

A keke muna dawowa Tudun Wada Auta ta tambaye ni ko yanzu zan ƙwace wayar. Na ce a'a. Ta ce da ma ta so ta nuna min hirar tun farko, amma ta tuna na taɓa cewa duk ranar da na ga baƙuwar lamba, ita da waya har abada. Na tuna na faɗa, har da ɗaga yatsa.

Malama ta rufe zauren ta buɗe sabo, Baba ya kai lambar inda ake kai ƙara, ba mu ƙara jin komai ba. Na daɗe ina jin haushin Inna a ɓoye saboda hoton nan da shirun da ta yi.

Sai bayan shekara biyu, ina share tsofaffin rubuce-rubucena a wani shafin da kowa ke iya gani, na ci karo da wata sanarwa da na manta. Na yabi makarantar da kalmomi masu daɗi don in taya Malama samun ɗalibai, na liƙa linkin shiga zauren a ƙasa. Na duba hoton hirar Auta da na ajiye tun lokacin, na gwada ranakun. Washegarin sanarwata lambar ta fara yi wa Auta sallama.