Ja da Baya Cikin Abaya

Ɗazu ƙarfen labulen ɗakina ya faɗo kan tayil, sai da na zabura na dafe ƙirji. Kwanakin nan komai firgita ni yake. Amma ƙarar nan ta mayar da ni saman benen gidanmu na nan Riyad, lokacin ina 'yar firamare.

Kawu, ƙanen Umma, shara yake yi a wani zauren wasanni, inda wasu Turawa ke koyon faɗa da siririn takobi irin na kakanninsu, wanda ba ya sara sai dai suka. Da ido ya ɗauki abin, yana riƙe da tsintsiya. Idan la'asar ta yi, siminti ya fara hucewa, sai mu hau sama ni da shi, kowa da ƙarfen labule a hannu. Ga ƙugin na'urar sanyi ta maƙwabta, ga ƙanshin dafa-dukar Larabawa, kabsa, yana tasowa daga wani gidan. Cewa yake yarinya a ƙasar mutane dole ta iya kare kanta. Ja da baya ya fi nace mini a kai: ƙafar baya ta fara tafiya, ta gaba ta biyo, kada hannun mutum ya kai gare ki.

Da wando nake yi, kamar Turawan. Kaka tana gefe kan darduma da tasbaharta, tana hararmu.

"Kai ɗan nan, koya mata da abayarta mana. Da wando za ta fita titi?"

"Iya, ba haka ake yi ba," in ji Kawu yana dariya. Ni ma na taya shi.

Makon jiya na taso daga shagon ɗinkin da nake aiki, da rana tsaka, wani ya fito daga mota ya nufo ni yana miƙa hannu. Ku yarda da ni, jikina bai manta ba. Ƙafar baya ta tafi daidai yadda aka koya mata, ta taka bakin abayata, na zube a ƙasa. Ba don mai baƙala, wato mai kantin layin, ya fito yana ihu ba, ban san inda zan kwana ba.

Tun ranar ban leƙa waje ba. Abin da ke cin raina, shekarun nan duka a banza. Kaka ta rasu, Kawu ya koma Maradi, wa zan yi wa faɗa? Yanzu ma an buɗe wa 'yan mata wuraren koyon takobi a garin nan, na ga hotunansu, duka da farin wando.

Mai shagonmu ta aiko cewa gobe in zo ko ta ɗauki wata. Shi ya sa nake tsaye a falo, Umma na durƙushe da allura tana ɗage mini bakin abayar.

"Ya isa haka, idon sawunki ya fito. Za a yi magana."

Na ja da baya na gwada. Har yanzu tana taɓa dugadugina.

"Umma, ƙara ɗagewa."