Wuta-wuta a Katin Bikin Yaya

Ƙarfe huɗu da minti ashirin da bakwai na yammacin wata Talata abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai domin wayata ta rubuta shi a jikin hoton da na ɗauka, kuma har yau ban goge hoton ba.

Daga makaranta nake, a bayan acaɓa, sai sarƙar babur ɗin ta zame a wata hanyar ratse da ke bi ta gefen gonaki kafin a shigo gari. Mai acaɓan ya tsuguna yana gyara. Ni kuma na koma gefe rungume da littattafaina, ina neman abin kallo don kada ya ja ni da hira. A nan na ga furen. Ya cika gindin dawa, ruwan hoda mai ɗan duhu, jere a kan siririn kara kamar an ɗinka shi da allura. Na ɗauki hoto, sannan na tuge guda ɗaya. Da ƙyar ya fito, domin saiwarsa a manne take da saiwar dawa.

Mai acaɓan ya ɗago ya gan ni, ya ce, "Madalla, ƙanwata. Mai gona zai sa miki albarka." Ban gane ba, kuma ban tambaya ba. Ni a lokacin ba na tambayar mutane abin da nake ganin littafi zai gaya mini.

Saura wata biyu bikin Yaya, 'yar wan babana, wadda muka tashi ɗaki ɗaya a gidanmu na Tudun Ƙofa. Da aka zo rabon aiki, kowa ya san ba zan iya ciniki a kasuwa ba, ba zan iya tarbar baƙi ba, rawa kuwa ba a ma kawo maganarta ba. Sai aka ba ni tambari, wato ɗan zanen nan na fure mai harafin farko na sunan ango da na amarya a tsakiya, wanda ake bugawa a katin gayyata, da sitikar da ake liƙa wa robobin rabo, da allunan da ke nuna wa baƙi hanya.

Na riga na je wurin mai buga kati a Sabon Gari. Ya buɗe mini kwamfuta cike da furannin Turai, ya ce, "Sista, zaɓi ɗaya mu wuce wurin. Wannan jan kowa ke ɗauka." Na ce furen da bai taɓa tsirowa a ƙasarmu ba ba zai hau katin Yaya ba. A zuciyata na faɗi haka. A fili cewa na yi, "To, zan dawo."

Da na kawo furen gida na tambayi Mama sunansa, ta ce ciyawa ce. Na tambayi Goggo, ƙanwar babana, ta ce ita rabonta da gona tun tana 'yar firamare, kuma ko a lokacin rake ta je sha. Gidanmu na malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis. Sai na nuna wa waya hoton, ta ba ni sunansa na Latin. Na kwafe shi a littafina da rubutu mai kyau, na duba harafi bayan harafi har sau biyu, na ja layi a ƙarƙashinsa da rula. Akwai bayani a ƙasan sunan. Ban karanta ba, domin abin da nake nema shi ne yawan kunnuwan furen.

Biyu a sama, uku a ƙasa, da ɗan fari a maƙogwaronsa. Ganyensa siriri ne mai kaushi, shi ma ban bar shi ba. Sati uku na yi ina zane. Da na tuna dangin ango manoma ne, gidansu a unguwar Yara, gonarsu a bayan gari, sai na ga ya kamata a girmama su: na zana zangarniyar dawa a tsakiya, furen ya kewaye ta ya riƙe ta. Dawar da ke cikin hotona gajeriya ce, ganyenta ya yi rawaya, kamar marar lafiya. Na ɗauka rashin sa'ar hoto ne, na gyara mata tsayi da launi. Sau huɗu ina komawa Sabon Gari a kan launin furen. A zuwa na huɗu na hangi mai buga katin yana shigewa shagon maƙwabcinsa.

Ranar da na nuna zanen a tsakar gida na yi jawabi mafi tsawo a rayuwata. Na ce wannan fure ba ya rayuwa shi kaɗai, sai ya riƙe dawa ta ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani. Na ce ango ne dawar, Yaya ce furen.

Goggo ta tafa hannu ta ce, "Kai, yau boko ya yi rana! Ashe Malama tana da baki."

Yaya har da share hawaye. Ni kuma na koma ɗaki na rufe ƙofa don in yi murmushi ba tare da an gan ni ba.

Aka buga kati, aka kai wa dangin ango nasu kason. Saƙon da ya dawo shi ne sun gani, sun gode. Daga baya angon ya kira Yaya ya tambaye ta wa ya zaɓi furen. Ta gaya masa cikin alfahari. Ya ce, "To, madalla," ya koma maganar kujeru. Da Yaya ta ba ni labari na ɗauka kyan zanen ne ya ɗaure masa baki.

Saura kwana huɗu biki na je ɗauko allunan kwatance. Mai keken da na tare dattijo ne mai furfura a gemu. Ya taya ni loda su, ya tsaya ya ƙura wa na saman ido.

"Anti, a ina ake sayar da maganin?"

"Wane magani, Baba?"

"Na wuta-wuta. Ba talla ba ce? Ga ta nan ta shaƙe dawa. Wallahi wanda ya zana ta ya san ta, har kaushin ganyen ya sa."

Na ce allon biki ne. Ya sake duba allon, ya dube ni, ya ce, "Biki? Gaba ake yi da gidan angon?"

Tun daga Sabon Gari har ƙofar gidanmu yana yi mini karatu, ni ɗalibar jami'a ina zaune tsakanin alluna shida. Ya ce wuta-wuta ba ta da abincin kanta, saiwar dawa take kamawa ta tsotse ta tun tana ƙarama. Ya ce ranar da manomi ya ga furenta, gonar ta riga ta tafi. Ya ce mahaifinsa in ya dawo daga gona ya gan ta, ranar ko sallama ba ya amsawa. Na ciro wayata na buɗe bayanin da ke ƙasan sunan Latin. Duk abin da ya faɗa yana nan a layin farko.

Ban san yadda ake sassauta labari ba, don haka a gida na faɗe shi kamar yadda na karanta. Yaya ta zauna a bakin gado ta ce, "Wato ni ce na zo tsotse musu ɗa. Kuma da hannunmu muka rubuta muka aika." Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. A cikin gidan nan na Yara za ta zauna, tare da uwar mijinta da matan yayyensa, kuma kwana goma ke nan katin yana hannunsu, ban da godiya ba su ce uffan ba. Mama ta ce shirun ne ya fi ba ta tsoro. An riga an raba kati, an liƙa sitika a jikin kowace roba, babu abin da za a iya janyewa.

Goggo ta ce, "Hannun da ya zana, shi zai je ya ba da haƙuri. Gobe da safe, Malama. Zan raka ki, amma bakinki za ki ɗauko."

Na rubuta ban-haƙurin a takarda, sakin layi uku, na gyara shi sau biyu.

Mun tarar da Inna, mahaifiyar ango, a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa a faifai. Muka durƙusa muka gaishe ta, aka tambayi gajiya, aka tambayi amarya, aka kawo ruwa. Ina ɗaga kai sai ga katina, an soke shi a jikin ƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, inda duk mai shigowa zai gani. Matan gidan suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da wani aikin da bai kamata a yi shi a nan ba. Na ji wata tana raɗa wa 'yar'uwarta, "Ita ce mai zanen."

Goggo ta zungure ni da gwiwar hannu. Na buɗe takardata. Na gyara murya. Na karanta "Da farko dai," muryata ta ƙare a nan.

Inna ta ce, "Ajiye takardar, 'yar nan. Ni ba hedimasta ba ce."

Na ajiye. Na ce ni na zana, Yaya ba ta san komai a kai ba, kuma ban san mece ce ba sai jiya da mai keke ya gaya mini. Wata daga cikin matan ta tura bakinta cikin mayafi, kafaɗunta suna motsi. Sai na yi abin da ya kamata in yi tun a bakin gona, na yi tambaya.

"Inna, don Allah, kun ɗauka zagi ne? Za ku riƙe Yaya da shi?"

Ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba. Ta miƙo mini 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, sai da na karɓa sannan ta yi magana.

"Ranar da katin ya zo, baban yaran nan bai ci tuwo ba. Ni na ce masa ya sake dubawa. Wanda ya san wuta-wuta tuge ta yake yi ya jefa a wuta, ba ya zama ya ƙirga mata kunnuwa. Na ce masa wannan aikin gidan da ba a taɓa riƙe fartanya ba ne, kuma da zuciya ɗaya aka yi shi. Ki gaya wa yayarki ta kwantar da hankalinta, ɗakinta na nan mun share. Abu ɗaya dai muka yanke: ba za mu tura ta cirar ciyawa ita kaɗai ba, kada ta tuge dawa ta bar fure. Ke kuma, tunda idonki na ganinta daga kan babur, damina mai zuwa ki zo. Akwai ta da yawa a gonar gabas."