Mutumin da Matata Take Yi wa Waƙa

Kullum da safe Baba Kaleb, nas ɗin unguwarmu a Kafanchan, yakan jingine babur ɗinsa a ƙofar gidana, ya gaishe ni a tsaitsaye, ya wuce wurin matata Keziya. Ya auna jininta, ya duba jijiyar wuyanta, sannan ya ce, "Maman Bernice, yi mini waƙa."

Sai ta yi. Matar da rabona da jin ta rera mini ko baiti ɗaya tun muna haya a Sabon Tasha.

Keziya na fama da kansar huhu. A Abuja ake ɗaura mata maganin da ke zuga garkuwar jiki ta yaƙi ciwon. Likitoci sun gargaɗe mu cewa ruwa na iya taruwa a kewayen zuciyarta ya matse ta, kuma numfashi ne zai fara nunawa. Shi ya sa Baba Kaleb ya zaɓi waƙar zumuntar matan coci mai dogon baiti, yana sauraron inda za ta tsaya ta ja iska. Na san dalilin sarai. Sanin bai hana ni zama a tsakar gida ina hararar babur ba.

Wata safiya ta yanke baitin a tsakiya, ta sake, ta kuma yankewa. Ya leƙo.

"Baban Bernice, tayar da mota."

"Ko shayi ba ta sha ba."

"Ta sha a Abuja."

Ranar likitoci suka zuƙe ruwan da allura, suka dakatar da maganin na ɗan lokaci. Da ta buɗe ido, ina riƙe da hannunta, ta ce, "Ina Baba Kaleb?"

Baba, kai ne kunnen unguwarmu. Ka yi ritaya bana, gwiwa ta hana ka hawa babur, amma kafin ka ajiye shi sai da ka koya mini inda ake jan numfashi a baitin nan. Mun gode, Allah ya saka maka. Matasan nas-nas, ku koyi sauraro irin nasa.

Yanzu ni ake yi wa waƙar. Jiya ta kai ƙarshen baiti ba tsayawa, na tafa mata.

"Shi ba ya tafi," in ji ta. "Saurara yake yi."