Dattijon da ya tsaya wa kyamara

Shekara shida na yi a unguwar Hajara a Libiya ina ɗaukar hoton fasfo, har fuskokin mutane suka gundure ni. Kowa ya zo sai ya ɗaure fuska kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Don haka ranar Juma'a nake ɗaukar kyamara in yi abin da raina ke so.

Dabarar da na ƙware a kai mai sauƙi ce. Ka kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ka sa mata baƙin gilashi, ka bar idonta a buɗe kamar rabin minti. Duk abin da ya motsa sai ya narke ya zama hayaƙi, abin da ya tsaya kuwa ya fito tas. Da ita nake ɗaukar 'yan ƙwadagonmu a bakin titin da suke jiran aiki kusa da unguwar Tayuri. Sun yarda ne don na rantse musu fuskar kowa ba za ta fito ba. Wanda ba shi da takardar zama a ƙasar ba ya wasa da fuskarsa.

A cikinsu akwai wani dattijo mutumin Tanut da muke kira Baba, wanda ya tsallake katangar wata gona a garin Zighan ya gudu bayan injin ban-ruwa ya ƙone a hannunsa. Mai gonar ya yi rantsuwa sai ya kama shi, kowa ya san haka. To shi Baba mutumin ƙauye ne, a garinsu in an saita maka kyamara sai ka miƙe, ka gyara hula, ka sauke hannuwa, ko numfashi ka riƙe. Haka ya yi mini, don ladabi.

Da wani malamin zane ɗan Libiya ya gayyace ni baje kolin hotuna a wani ƙaramin zaure, na buga hoton da girman ƙofa. Ga mutane sun zama hazo, ga Baba a tsakiya, har tsagar kumatunsa ana ƙirgawa. Bayansa kuma ga allon shagon taya da rubutunsa. Na gani sarai. Amma ban taɓa yin hoto mai kyansa ba, kuma son a yaba ya rufe mini ido. Na ce wa kaina masu gonaki ba sa zuwa kallon hotuna, na rataye shi inda fitila ta fi haske.

Rana ta biyu wani mutum mai farar jallabiya ya shigo. Bai kalli sauran ba. Ya daɗe a gaban wannan, ya ɗauke shi da wayarsa, ya matso da rubutun allon da yatsu biyu. Sannan ya yaba mini aiki cikin fara'a, ya tambayi ƙarfe nawa hasken wurin da ke hoton ya fi kyau. Bakina ya riga ni, na ce da safe.

Ban jira an tashi ba na nufi Tayuri. Na sami Baba yana wanke ƙafa, na faɗa masa komai, ban rage laifina ba. Na roƙe shi ya bar bakin titin nan ko na wata guda ne. Ya ce, "Ɗana, in ban tsaya can ba, me zan ci?"

Sai ya tambaye ni ko hular ta zauna daidai a hoton. Ya ce in ba damuwa in buga masa ƙarami, zai aika wa 'yarsa.

Na sauke babban hoton a ranar. Ƙaramin kuma na kai shi bayan kwana uku, a cikin ambulan. Mutanen suna nan a tsaye, ban da shi. Na tambaya, kowa ya kalli titi. Na miƙa ambulan ɗin ko wani zai ajiye masa, babu wanda ya ɗaga hannu.